Benen dattawa masu zaman kansu: abin da za ka gaya wa mai zane

Wani bawan Allah ya rubuto mini cewa ya samu fili, yana so ya gina bene hawa huɗu mai gidaje kamar talatin, domin dattawan da ke da sauran ƙarfinsu, masu dafa wa kansu, su yi wankansu, su fita su dawo ba sai an riƙe musu hannu ba. Ya jaddada cewa ba gidan jinya yake nufi ba. Tambayarsa ita ce: me zai gaya wa mai zane, kuma a ina aka fi yin kuskure?

Malam, kuskuren farko yana cikin kai ne tun kafin a ja layi a takarda. Mai gini yakan hango dattijon da zai zo karɓar makulli, ɗan shekara 68, garau, yana hawa matakala yana hira. To ba shi kaɗai kake gina wa ba. Kana gina wa wannan mutumin ne da kuma shi kansa bayan shekara ashirin, lokacin da gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, hannu ya daina murɗa abu, wataƙila matarsa ta rasu ya rage shi kaɗai. Idan gidan ya yi wa ɗan 68 daidai amma ya kori ɗan 88, aikin bai yi ba, domin babu abin da ke karya tsoho kamar a tashe shi daga inda ya saba a daidai lokacin da ya fi rauni. Ƙasar Denmak ta gane haka tun 1987, lokacin da ta yi dokar da ta tsayar da gina gidajen jinyar tsofaffi irin na da, ta koma gina gidajen zama na sosai inda kulawa ke zuwa ta samu mutum a ɗakinsa. Yawan masu bukatar irin wannan gida kuwa ƙaruwa yake yi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ya sa aikin ke da wuya. Ɗan 68 ɗin nan ba zai shiga gidan da ke warin asibiti ba. Ka cika bango da farin ƙarfen dafawa, ka shimfiɗa doguwar hanya mai ƙofofi iri ɗaya, ka rataya allon gargaɗi ko'ina, zai leƙa sau ɗaya ya ce "ni ban kai nan ba tukuna", ya juya. Gwanintar mai zane ita ce ya ɓoye tanadin a cikin ginin, ya zama gida ne mai kyau kawai, wanda aka yi sa'a babu abin tuntuɓe a cikinsa. Ronald Mace, wani mai zanen gine-gine Ba'amurke wanda shi kansa a keken guragu ya yi rayuwarsa, shi ya yaɗa wannan tunani na zanen da zai yi wa kowa amfani ba tare da ware wani ba, kuma a 1997 shi da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa suka fitar da ƙa'idoji bakwai a kai.

Ni a wurina, zanen irin wannan gida daga banɗaki yake farawa. Idan an kawo mini zane in duba, ba na kallon falo. Ina ɗora yatsa a kan gado, in bi hanya zuwa masai, in tambayi kaina: ƙarfe uku na dare, mutum ya farka a matse, jiri na ɗibarsa saboda ya miƙe da sauri, babu tabarau a idonsa, me zai tarar? Taku nawa ne? Ƙofa nawa zai buɗe? Akwai kwana? Ina makunnin wuta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a duniya duk shekara, mafi yawansu waɗanda suka haura 60. Karayar ƙugu guda ɗaya ta isa ta mayar da mai zaman kansa mai jiran a ɗaga shi. Saboda haka banɗaki ya kasance kusa da gado, ana hango ƙofarsa daga kwance, hanyar a miƙe, da 'yar fitila a ƙasan bango mai kunna kanta idan ta ji motsi.

Cikin banɗakin kuma, ka manta da bahon wanka na kwanciya. Tsallaka bakinsa da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil shi ne abu mafi haɗari da za ka sa tsoho ya yi kullum. A yi shawa a daɓe ɗaya da sauran banɗakin, babu dandamali, babu ko ɗan tudu, sai gangare kaɗan zuwa magudana. Wannan sai an shirya shi tun wajen zuba kankaren daɓen, domin a rage kaurin daɓe a wurin a bar wa bututu hanya. In aka wuce wannan mataki, gyara sai da fasa. Ƙa'idar Jamus ta gidaje marasa shinge ta ba wurin shawa santimita 120 kowane gefe, ko 150 idan don mai keke ne. Kada ka ga kamar ɓarnar wuri ce. Wata rana kujera za ta shiga, kuma wani zai tsaya a gefe yana taimakawa. Tayil ya zama mai kaushi, kuma a gwada shi a jiƙe da sabulu kafin a saya, ba a bushe a hannun mai sayarwa ba. Mazaunin masai ya kai tsayin santimita 43 zuwa 48, a bar fili a gefe ɗaya.

Ƙofar banɗaki kuwa waje za ta buɗe, ko ta zama mai turawa gefe. Dalilin ba ya bukatar dogon bayani: wanda ya faɗi a ƙaramin ɗaki yakan faɗi ne a bayan ƙofa, jikinsa ya tokare ta. Makullin ma ya zama wanda za a iya buɗewa ta waje da tsabar kuɗi ko sukundireba.

Ƙarfen dafawa ba sai ka sa shi ranar farko ba, amma bangon da zai riƙe shi dole a yi shi ranar farko. Na taɓa shiga wani gida bayan an kira ni in duba abin da ya faru. Dattijuwa ce, ta zo tashi daga masai, ta kama ƙarfen rataya tawul saboda shi ne a kusa, ya tumɓuko da kusoshinsa da ɓaraguzan bango, ta koma da baya. Allah ya taƙaita, tsagewar ƙashin hannu kawai ta samu. Na tsaya ina kallon ramuka biyu a bangon, kowanne bai fi zurfin gaɓar yatsa ba. Tun daga ranar duk abin da ya yi kama da abin kamawa a banɗaki, ina sa a kafa shi kamar za a rataya mutum a jiki, domin hannun mai faɗuwa ba ya tambaya. Ƙa'idar Amurka ta ce ƙarfen dafawa ya ɗauki nauyin kilo 113 ko kusa da haka. Idan bangon na allo ne mara ƙwari, a sa katako mai kauri a bayansa kewaye da masai da shawa.

Sai ruwan zafi. Ana ajiye shi a tanki a digiri 60 don kashe ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi, amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar tsoho kuma siririya ce, ga shi ba ya janye jiki da sauri. Akwai na'urar da ake sawa kusa da famfo tana surka ruwan da kanta. A saita ta kada abin da ke fitowa ya wuce digiri 43 ko makamancin haka.

Awon ƙofofi da hanyoyi ba abin jayayya ba ne, kowane mai zane yana da su a littafi. Faɗin ƙofa idan an buɗe kada ya gaza santimita 81, ni 90 nake sawa. Keken guragu na bukatar da'irar mita ɗaya da rabi don ya juya, a samar da ita a falo, ɗakin kwana, kicin da banɗaki. Dokin ƙofa a shafe shi, har na baranda, wanda shi aka fi mantawa saboda tsoron ruwan sama. Magudana siririya a bakin ƙofa ta magance wannan. Soket da makunni su zauna tsakanin santimita 45 da 120 daga ƙasa, kamar yadda dokar gini ta Ingila ta tanada, don kada a durƙusa ko a yi ɗage. Hannun ƙofa da kan famfo su zama na dannawa, ba na murɗawa ba, wanda za a iya buɗewa da gwiwar hannu. A kicin, kabad na ƙasa ya zama aljihun tebur mai jawowa, na sama kuma a sauko da shi. Tsoho a kan kujera yana laluben tukunya a can sama labari ne da ba ya ƙarewa da daɗi.

Haske ne abin da na ga masu gini sun fi raina wa, alhali ya fi komai araha. Idon ɗan shekara 60 yana shigar da kusan kashi ɗaya cikin uku ne na hasken da idon ɗan 20 ke shigarwa. Matashin injiniyan da ya tsaya a hanya ya ce "ai da haske" gaskiyarsa ya faɗa, amma da nasa idon. Sannan tsohon ido ba ya jure ƙyalli, kuma yana daɗewa kafin ya saba idan an fito daga haske zuwa duhu. Don haka ba ƙwai ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar silin ake so ba, fitilu da yawa ake so masu laushi, a ƙarƙashin kabad ɗin kicin, a gefen madubi, a kan matakala, a bakin ƙofa inda ake neman ramin makulli. Daɓe mai sheƙi kamar madubi a guje shi, ko ba shi da santsi, domin ido na ganinsa kamar jiƙaƙƙe, sai mutum ya riƙa ɗari-ɗari, tafiyar ɗari-ɗari kuwa ita ke kawo faɗuwa. Launi ma aiki yake yi. Farin masai a kan farin tayil jikin farin bango, ga mai yanar ido, duk hazo ɗaya ne. A bambanta bango da daɓe, ƙofa da bango, bakin kowace matakala da sauran jikinta. Amma a daɓe ɗaya kada a yanka baƙin zane a tsakiyar fari. Na ga wani dattijo ya tsaya cak a bakin lif, ya ɗaga ƙafa sama ya tsallake wani baƙin tayil da aka sa don ado, domin a idonsa rami ne.

Taga ta sauko ƙasa. Ƙa'idojin gidan da mutum zai iya zama a ciki har ƙarshen rayuwarsa da gidauniyar Joseph Rowntree ta taimaka aka fitar a Birtaniya a shekarun 1990, guda 16, sun ce gilashin tagar falo ya fara daga santimita 80 ko ƙasa da haka, don wanda ke zaune ya ga waje. Mutumin da zai yi mafi yawan yininsa a kujera, tagar nan ita ce rabin duniyarsa. Ka ba shi abin kallo mai motsi, titi ko ƙofar shiga ko wurin wasan yara, ba katangar maƙwabci ba.

Tunda bene hawa huɗu ka ce, maganar lif ba ta da zaɓi, kuma biyu za ka sa. Na san tsadarsa, na san za a ce maka ɗaya ya isa gida talatin. A lissafin zirga-zirga ya isa. Amma lif inji ne, yana lalacewa, ana kashe shi don gyara, wani lokaci a jira kayan gyara mako biyu. A ginin matasa wannan abin tsaki ne kawai. A naka ginin, matar da ke hawa na huɗu da ciwon gwiwa ta zama fursuna har sai an gyara. Ƙaramin lif ɗin ya kai mita 1.1 da 1.4 don keke da mai tura shi, babban kuma ya kai zurfin mita 2.1 don gadon ɗaukar mara lafiya ya shiga a kwance. Wannan magana ba ta da daɗin faɗa, amma a gidan dattawa za a fitar da mutane a kwance, masu rai da waɗanda suka cika, kuma bai kamata a tsayar da su a jingine ko a sauko da su ta matakala ana kokawa da kwana ba. A haɗa lif da wutar ko-ta-kwana. Idan kuɗinka ba zai ɗauki lif biyu da kula da su shekara da shekaru ba, gara ka rage hawa ka faɗaɗa ginin a ƙasa. Matakalar kanta a yi ta mai daɗin hawa, tsayin kowace kada ya wuce santimita 17 ko 18, faɗin wurin taku 28 ko fiye, abin riƙewa hagu da dama, da taga, domin wanda ke iya hawa ya ci gaba da hawa. Motsa jiki ne kyauta.

Gobara ma lissafinta daban ne a nan, saboda ba za ka ce wa mutum talatin masu sanda su sauka a guje ba. Kowane gida ya zama akwatin da wuta ba ta saurin ketawa, a sa na'urar yayyafa ruwa a silin, a ware wurin fakewa kusa da matakala a kowane hawa. Ƙofofin tare wuta suna da nauyi, har wasu tsofaffi kan tokare su da dutse don sun gaji da kokawa da su, shi ke nan amfaninsu ya tafi. Akwai irin da ke zama a sake sai ƙararrawa ta buga sannan su rufe kansu, su za ka nema. Ƙararrawar ma a duba muryarta. Kunnen tsufa siririn sauti yake fara rasawa, ƙararrawar hayaƙi ta gama-gari kuwa siririyar ƙara take yi. Mai kauri, wadda sautinta ke kaɗawa sau 520 a daƙiƙa, ta fi tada mai raunin ji daga barci.

Zafi kuma yana kashe tsofaffi a shiru. A bazarar 2003 zafin da ya afka wa Turai ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa kaɗai, yawancinsu tsofaffi, kuma waɗanda ke kwana a hawan ƙarshe ƙarƙashin rufi suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Jikin tsoho ba ya zufa yadda ya kamata, ba ya kuma jin ƙishirwa da wuri. A sa abin tare zafi a rufi, a yi wa tagogin da rana ke duka rumfa ta waje, kuma kowane gida ya samu taga ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Kada ka dogara da na'urar sanyaya ɗaki kaɗai. Dattijo mai tattalin kuɗin wuta kashe ta zai yi.

Yanzu bari in zo inda ni kaina na yi kuskure. A wani gini da na zana shekarun baya, na yi ɗakin taruwa mai kyau a hawan ƙarshe, da manyan tagogi da kujeru masu laushi. Na yi alfahari da shi. Bayan shekara guda na koma, na tarar da shi a kulle, kujerun ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Da na sauko, sai ga mutum biyar a ƙasa, a ɗan lungun da ke tsakanin ƙofar shiga da akwatunan wasiƙa, sun jawo kujerun roba daga gidajensu suna hira, suna ganin mai shiga da mai fita. Wata daga cikinsu ta ce mini, "Ɗana, can sama sai ka ce ka je ne don ba ka da kowa. Nan kuwa wucewa nake yi na tsaya." Ta koya mini abin da makaranta ba ta koya mini ba. Mutum ba ya son a gan shi yana neman abokin hira. Yana son hirar ta same shi a kan hanyarsa. Saboda haka wurin zama na kowa da kowa ya kasance a inda dole a wuce, kusa da ƙofa da lif, a buɗe yadda za a leƙa a ga waye a ciki kafin a yanke shawarar shiga. Hanyoyin cikin bene su zama gajeru, masu taga, da benci a tsakiya, kowace ƙofa da ɗan wurin ajiye tukunyar fure ko wani abu da mai gidan zai gane tasa da shi.

Wannan ba maganar jin daɗi ba ce kawai. A zafin da ya kashe fiye da mutum 700 a Shikago a 1995, binciken masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya nuna cewa da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai, ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ginin da maƙwabci zai lura cewa yau labulen wance bai buɗe ba ya fi kowace na'urar kiran agaji, ko da yake ita ma a sa ta, da igiyar ja har ƙasa a banɗaki don wanda ke kwance ya kai.

Akwai gine-gine biyu da ya kamata kai da mai zanenka ku nemi hotunansu. Ɗaya a arewacin Landan yake, New Ground, wanda wasu mata 'yan sama da shekara 50 suka yi shekaru suna fafutuka har aka buɗe shi a 2016: gidaje 25 kewaye da lambu, da ɗakin taruwa da kicin na kowa, kuma su da kansu suka zauna da masu zane, su ke tafiyar da shi. Ɗayan Kampung Admiralty ne a Singafo, zanen kamfanin WOHA, wanda aka kammala a 2017: gidajen dattawa kimanin ɗari a sama, ƙarƙashinsu cibiyar lafiya, wurin cin abinci, wurin renon yara da dandalin jama'a, duk a jikin tashar jirgin ƙasa. Darasin na biyun ya shafi filinka kai tsaye. Ba ka gaya mini inda yake ba, amma ka auna: daga ƙofar ginin, dattijo mai sanda zai kai kanti, wurin shan magani da wurin shiga mota cikin tafiyar mita 400 ko ƙasa, a hanya mai kyau da wurin hutawa? Idan sai an ɗauke shi a mota kafin ya sayi sabulu, zaman kansa ya ƙare ranar da ya daina tuƙi, komai kyan banɗakinsa.

Kada ka matse gidajen da sunan tsoho ba ya bukatar wuri. Ya fi matashi zama a gida, kuma yana tafe da kayan shekara hamsin waɗanda ba zai zubar ba. Rahoton HAPPI kan gidajen dattawa da aka fitar a Ingila a 2009 ya nanata wadatar wuri, hasken rana, baranda da ma'ajiya. Ka yi yawancin gidajen da ƙarin ƙaramin ɗaki. Yau na jika ne mai zuwa hutu, gobe na miji ne da tari ke hana matarsa barci, jibi na mai kwana da mara lafiya. Ɗakin kwana kuma ya ba da damar zagaya gado ta gefe uku. A ƙasa a ware wurin ajiye keken lantarki da cajinsa, nesa da hanyar fita.

Kafin a zuba kankare, ka sa a zana gida ɗaya a fili da alli ko igiya, daidai girmansa, a jera bulo a matsayin bango da gado da masai. Ka ari keken guragu ka zauna a ciki da kanka, ka shiga daga ƙofa, ka je kicin, ka juya, ka shiga banɗaki ka rufe ƙofa. Sannan ka gayyato dattawa biyar ko shida, maza da mata, har da mai sanda da mai raunin gani, su zagaya, kai da mai zane ku yi shiru ku rubuta duk inda suka tsaya, da duk inda hannunsu ya miƙa neman abin kamawa.